Filin Tambaya da Amsa: Shirya Malami Kafin a Damƙa Masa Babban Ajin Tattalin Arziki

Wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga batu ɗaya, wato yadda za a shirya malamin sakandare ya koyar da darasin tattalin arziki a mataki mai zurfi, ko dai a ajin ƙarshe na babbar sakandare ko kuma a azuzuwan share fagen shiga jami'a. Na zaɓi guda biyar na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su da na makarantunsu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne shugaban wata makaranta mai zaman kanta a Zariya. Hukumar gudanarwarmu ta yanke shawarar buɗe ajin share fagen jami'a a shekara mai zuwa, kuma tattalin arziki yana cikin darussan da za mu koyar. Muna da malami mai digiri a fannin, ya shekara takwas yana koyar da 'yan babbar sakandare, ɗalibansa kuma suna cin WAEC da NECO yadda ya kamata. Niyyarmu ita ce mu tura shi taron bita na kwana uku, ya dawo ya kama aiki. Shin wannan ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Bai wadatar ba, kuma zan faɗi dalili ba tare da na rage wa malaminku daraja ba, domin wanda ya shekara takwas a gaban allo yana yaye ɗalibai ya riga ya mallaki abin da babu taron bitar da ke bayarwa, wato sanin yadda ake riƙe aji.

Matsalar tana ga bambancin abin da ake nema daga ɗalibi a matakan biyu. A jarrabawar WAEC ta tattalin arziki akwai tambayoyi 50 na zaɓi, sannan takarda ta biyu mai tambayoyi takwas inda ɗalibi zai amsa huɗu, kuma ɗaya ce kawai daga cikin huɗun take tilasta masa yin aiki da alƙaluma. Sauran ukun, mai ƙwazon hadda yana iya tsallake mafi yawansu da ma'anoni da jerin amfani da illoli. Kusan kowane ɗalibinmu zai iya rera maka ma'anar da masanin tattalin arziki Lionel Robbins ya bai wa wannan fanni a 1932 kamar karatun allo, amma kaɗan ne za su iya bayyana abin da manomi ya sadaukar a ranar da ya zaɓi shuka masara a gonar da zai iya shuka waken suya. Shirye-shirye irin su IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan garinku take kula da shi, da JUPEB, wanda aka kafa a 2014 ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas, suna kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. Wannan yana nufin malaminku zai tsaya ne a madadin malaman shekarar farko ta jami'a, kuma zai yi aikin nasu cikin abin da bai kai shekara guda ba. A wannan mataki ba a tambayar ɗalibi mene ne haraji. Ana ba shi alƙaluma ne a ce ya nuna wanda harajin zai faɗa a kansa.

Shawarata ta farko ba ta cin ko sisi. A samo tambayoyin jarrabawar shekarun baya na hukumar da kuka zaɓa, a ba malamin ɗaki da agogo, ya zauna ya amsa su kamar ɗalibi, babu littafi kuma babu waya, sannan a kai wa wani malamin jami'a ya duba ya ba da maki. A yi wannan a sirrance tsakaninku da shi, a kuma gaya masa tun farko cewa sakamakon ba zai taɓa albashinsa ko muƙaminsa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wannan gwajin ne zai nuna muku inda za ku kashe kuɗin horo, maimakon ku biya wa mutum karatun abin da ya riga ya iya.

A abin da na gani, rauni yakan fito a wurin lissafi kafin ko'ina. Bari in ba da misalin da duk malamin da zai shiga wannan aji ya kamata ya warware cikin minti biyar, yana magana yana rubutu a allo. A ce adadin mudun da masu saye ke nema shi ne 100 a cire ninki biyu na farashi, adadin da masu sayarwa za su kawo kuma shi ne 20 a tara da ninki biyu na farashi. Inda biyun suka haɗu farashi zai tsaya a naira 20, a sayar da mudu 60. Yanzu sai gwamnati ta sanya harajin naira 4 a kan kowane mudu, ta ce mai sayarwa ne zai biya. Farashi zai koma naira 22, cinikin ya ragu zuwa mudu 56, mai saye ya ɗauki naira 2 na harajin, mai sayarwa ya ɗauki naira 2, gwamnati kuma ta tara naira 224. Har nan lissafin aljabra ne na aji ɗaya. Inda ake gane malami shi ne lokacin da ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, tunda doka ta ce mai sayarwa ne zai biya, me ya kawo mai saye cikin zancen? Ko kuma ya ce, da gishiri ne ake magana a kai, wanda ba a fasa saye don ya yi tsada, shin rabon zai zama daidai haka? Malamin da ya haddace misalin zai maimaita alƙaluman da ƙarfin murya. Wanda ya fahimce shi zai goge allo ya sake zana layin buƙata, wato layin da ke nuna adadin da masu saye ke nema a kowane farashi, a miƙe tsaye, ya nuna wa ajin da idonsu yadda kusan duk harajin ya koma kan mai saye.

Wuri na biyu shi ne zane. Malamai da yawa suna kwafar zanen daga littafi zuwa allo a kammale, sannan su juya su fara bayani, alhali a wannan fanni zanen shi ne hujjar, kuma ɗalibi yana bukatar ya ga layi yana motsi, ya san abin da ya tura shi. Kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai, wato rikita tafiya a kan layin buƙata da gusawar layin gaba ɗaya, daga allon malami yake farawa. Idan farashin rago ya tashi mutane suka rage saye, wannan tafiya ce a kan layi. Idan Babbar Sallah ta ƙarato kowa ya fito neman rago ko nawa ne kuɗinsa, layin ne ya gusa. Wanda bai zana wannan sau da yawa da hannunsa ba zai riƙa tuntuɓe a kai a gaban yara.

Game da tsarin horon kuwa, ga abin da zan yi da ni ne a kujerarka. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka zan fara tun babban hutun da ke gaban buɗe ajin. Zariya ba ta rasa malaman jami'a masu koyar da 'yan shekarar farko, kuma ɗaya daga cikinsu zan nema, in biya shi, ya riƙa zama da malamin awa biyu a kowane mako, suna bin manhajar babi bayan babi, tare da sharaɗin cewa malamin sakandaren ne zai riƙe alli, na jami'ar kuma ya zauna a kujerar ɗalibi yana yi masa tambayoyi masu wuya. Bayan an buɗe ajin zan ci gaba da wannan zama har ƙarshen zangon farko, in ƙara da cewa mai horon zai shiga aji sau ɗaya a wata ya ga darasi da idonsa. Zan kuma rage wa malamin wasu azuzuwan, domin ba zai yiwu mutum ya riƙe aji shida da rajistar makaranta da kula da wasanni ba, sannan a sa ran zai zauna da dare yana warware lissafin ribar kamfani mai cin kasuwa shi kaɗai.

Ban ce kada ya je taron bitar ba. Sai dai kafin ku biya, ku nemi jadawalin taron ku ƙirga awa nawa mahalarta za su yi suna warware tambayoyi da kansu. Na halarci tarurrukan da rabin yinin farko ya tafi a jiran babban baƙo, yini na biyu aka haska mana rubutu a bango ana karanta mana shi, a na uku aka raba takardar shaida da alawus, kowa ya koma gida da jaka da biro da ilimin da ya zo da shi.

Tambaya: Malam, ni malama ce a wata makarantar gwamnati ta 'yan mata a jihar Katsina. Ina da NCE a fannin koyar da kasuwanci. Malaminmu na tattalin arziki ya yi ritaya ba a turo wani ba, sai aka ce in riƙe aji biyu da aji uku na babbar sakandare. Ina ƙoƙari, amma duk babin da na ga lissafi a ciki sai gabana ya faɗi, wani lokaci har nakan tsallake shi. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan gaskiya da kika faɗa, domin akwai masu tsallake waɗannan babuka da yawa waɗanda ba za su taɓa furta hakan ba. Amma ki daina tsallakewa daga yau, saboda tambayar alƙaluma a takarda ta biyu wajibi ce, kuma yarinyar da ba a koya mata ba ta yi asarar kusan kwata na makin takardar tun kafin ta ɗauki biro.

Lissafin da ake nema a wannan mataki bai kai yadda yake ba ki tsoro ba. Abu huɗu ne: kashi cikin ɗari, warware lissafin aljabra mai abu ɗaya da ba a sani ba, fitar da matsakaici, da karanta jadawali a mayar da shi zane. Ki fara da kashi cikin ɗari, ki daɗe a kansa har ya zama miki jiki, domin a kansa aka gina awon yadda buƙata ke sauyawa idan farashi ya sauya, da awon hauhawar farashi, da lissafin haraji. Idan kwandon tumatir ya tashi daga naira 10,000 zuwa 15,000, ya ƙaru da kashi 50 cikin 100. Idan ya sauko daga 15,000 zuwa 10,000, ya ragu da kusan kashi 33 ne kawai. Ranar da kika iya bayyana wa kanki dalilin da ya sa alƙaluman biyu suka bambanta, kin wuce ƙofar da ta fi wuya. Malamin lissafi na makarantarku shi ne mai horonki na kusa, kuma minti talatin da shi sau biyu a mako zai kai ki nesa cikin zango ɗaya. Ki riƙa warware kowane misali a takarda sau biyu kafin ki shiga aji, sau ɗaya da alƙaluman littafi, sau ɗaya kuma da alƙaluman da kika canza da kanki. Na biyun ne zai gaya miki ko kin gane.

Sai batun takarda, wanda ba zan ɓoye miki ba. An tsara NCE ne musamman don firamare da ƙaramar sakandare, kuma babbar sakandare tana neman mai digiri. Idan kina son ki zauna a wannan darasi, ki nemi digirin koyar da tattalin arziki ta hanyar karatun hutu da jami'o'i da dama ke gudanarwa, ko ta karatu daga gida. Masu digiri a fannin waɗanda ba su karanci aikin koyarwa ba kuwa, tasu hanyar ita ce babbar difloma ta PGDE, wadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, da jami'o'i ke bayarwa, kuma da ita ake samun rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN, da aka kafa a 1993. Kafin nan, ki rubuta wa shugabar makarantarku a takarda cewa ana bukatar malamin wannan fanni, ki ajiye kwafi. Riƙon ƙwarya yakan zama na dindindin idan mai riƙon ya yi shiru.

Tambaya: Ƙanina yana koyarwa a Amurka, ya ba ni labarin wani tsari da 'yan sakandare ke karanta darussan jami'a, har da tattalin arziki, kuma ya ce ana yi wa malamansu horo na musamman. Ni mai sa ido ne a kan makarantu a wata jiha ta arewa maso gabas. Mene ne wannan tsari, kuma za mu iya kwaikwayonsa?

Amsa: Yallaɓai, tsarin da ƙaninka yake nufi shi ne AP, wanda ƙungiyar College Board ke gudanarwa. Tun 1989 ake jarrabawa biyu a tattalin arziki a ƙarƙashinsa, ɗaya a kan ƙaramin fanni mai duba gida da kamfani da kasuwa guda, ɗaya kuma a kan babban fanni mai duba ƙasa baki ɗaya. Kowace jarrabawa tana da tambayoyi 60 na zaɓi cikin minti 70, da tambayoyi uku na rubutu da zane cikin awa ɗaya, ana kuma ba da sakamako daga 1 zuwa 5. Jami'o'i da yawa a can suna yafe wa wanda ya sami babban sakamako kwas ɗin shekarar farko. Malaman da za su koyar sukan halarci horon bazara na kimanin awa 30 cikin kwana huɗu ko biyar, kuma dole makaranta ta miƙa tsarin darasinta a amince da shi kafin ta kira ajin da wannan suna.

Idan ka lura, horon nasu ma bai wuce mako guda ba, saboda haka ba a tsawon taron sirrin yake ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da malami ke samu a hannunsa bayan taron. Bayan kowace jarrabawa ana wallafa tambayoyin rubutu a intanet, tare da tsarin da aka bi wajen ba da maki, da samfurin amsoshin ɗalibai na gaske, mai kyau da matsakaici da mai rauni, da bayanin dalilin makin kowanne. Malamin da ke ƙauye yana iya ganin daidai inda ɗalibi ya rasa maki ɗaya saboda bai sanya suna a jikin zane ba. Sannan malaman sakandare da na jami'a ne ke haɗuwa a watan Yuni su duba takardun tare, kuma wanda ya yi wannan aiki sau ɗaya yakan koma aji da wani ido daban.

Wannan ɓangare ne za mu iya ɗauka, kuma muna da tushensa a gida. WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba jarrabawa, inda ake bayyana kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kowace tambaya, amma zan so ka tambayi malaman tattalin arziki goma a yankinka ko nawa ne suka taɓa buɗe shi. Haka nan malaman da ke zuwa duba takardun WAEC da NECO suna dawowa da sanin yadda ake raba maki, sai dai ilimin yakan tsaya a kansu. A matsayinka na mai sa ido, kana da ikon tara malaman fannin na ƙaramar hukuma ɗaya sau ɗaya a zango, ka ba kowa kwafin amsar ɗalibi guda wadda aka goge sunansa, kowa ya ba ta maki shi kaɗai, sannan a kwatanta. Gardamar da za ta ɓarke idan wani ya ba da 6 wani ya ba da 15 a kan amsa ɗaya, ita ce horon.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam. Ina koyar da tattalin arziki a wata makaranta a Kano. Ɗalibaina suna yi mini tambayoyin da babu su a littafi. Ɗaya ya ce an sanar a rediyo cewa hauhawar farashi ta ragu, amma mahaifiyarsa ta ce ba ta ga abin da ya sauka a kasuwa ba. Wani ya ce wai marasa aikin yi a Najeriya ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, ajin duka ya fashe da dariya. Yaya malami zai shirya wa irin wannan?

Amsa: Malam, ka yi sa'ar ɗalibai, kuma waɗannan tambayoyi biyu sun fi babi guda na littafi amfani. Sun kuma taɓo fanni na uku, bayan lissafi da zane da na ambata a amsar farko, wato iya karanta alƙaluman gaske, wanda kusan babu inda ake horar da malamanmu a kansa.

Mahaifiyar ɗalibinka ta yi gaskiya, rediyo ma bai yi ƙarya ba. Raguwar hauhawar farashi tana nufin farashi yana ci gaba da hawa amma da ƙarancin sauri, kamar mota da ta rage gudu ba ta koma da baya ba. Akwai kuma wani abu a ƙarƙashi. A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 34.80 cikin 100, sai ga na Janairun 2025 ya fito 24.48, kuma babban dalilin wannan faɗuwa cikin wata ɗaya shi ne an sabunta ma'aunin, aka mayar da shekarar kwatance daga 2009 zuwa 2024, aka kuma sake nauyin da ake bai wa kowane rukunin kaya a cikin kwandon awo. Haka labarin rashin aikin yi yake. A ƙarshen 2020 hukumar ta ba da kashi 33.3, a farkon 2023 kuma ta ba da 4.1, saboda ta koma kan ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ke ƙirga duk wanda ya yi aikin neman kuɗi ko da na awa ɗaya ne a mako a matsayin mai aiki. Da wannan ma'auni, yaron da ya kammala digiri yake taya yayansa tsaron shago a Kantin Kwari ana sallamarsa da wani abu, ba ya cikin marasa aiki. Malamin da ya san wannan zai mayar da dariyar ajin ta zama darasi a kan bambancin rashin aiki da ƙarancin aiki, ya kuma koya wa yara su riƙa tambayar yadda aka auna abu kafin su yarda da shi ko su ƙaryata shi.

Shekarun nan sun ba malamin Najeriya misalan da marubutan littattafai ke nema ido rufe. Littafi yakan koyar da yadda bankuna ke ninka kuɗin ajiya da misalin kashi 10 da ake ajiyewa a babban banki, wanda ke ba da ninki goma. A watan Satumba na 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai wannan kaso zuwa 50 ga bankunan kasuwanci, wato ninki biyu ke nan a lissafin littafi. Ka sa ɗalibai su yi lissafin biyu, sannan ka tambaye su me zai faru da ninkin a ƙasar da babban bankin ya ce a 2022 fiye da kashi 80 na takardun kuɗin da ke yawo suna wajen bankuna. Wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 kuwa, kowane ɗalibinka ya gan ta, kuma babu misalin da ya fi ta wajen bayyana amfanin kuɗi a matsayin abin musaya, tunda a lokacin an ga mai kuɗi a asusu yana biyan lada don ya karɓi kuɗinsa. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya isa darasi biyu, ɗaya a kan ƙayyade farashi, ɗaya a kan yadda tsadar sufuri ke bin kaya har cikin mudu. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 kuma ya ba ka duk abin da kake bukata a kan kare masana'antun gida, da wanda ya ci riba da wanda ya biya a farashin shinkafa.

Babin canjin kuɗi ne na fi so in ga malamin arewa ya ƙware a kai, domin tsare-tsaren biyu da littafi ke bayani, wato ɗaure darajar kuɗi da barin kasuwa ta yanke ta, suna fuskantar juna a iyakar Jibiya da Maraɗi. Sefar da ake kashewa a Nijar an ɗaure ta da yuro a kan 655.957 tun 1999, ita kuwa naira, wadda a hukumance ake canjin dala a kan kusan 460 kafin tsakiyar Yunin 2023, an sassauta mata, ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Ka tambayi ajin abin da wannan ke nufi ga ɗan kasuwar Maraɗi da ya shigo Dawanau da sefarsa yana sayen hatsi, da kuma ga Bakano da ya je sayen dabbobi a can. Kada ka manta ka gaya musu cewa ɗaurin ma yana da ranar tsinkewa, domin a Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi.

Shirin da wannan ke bukata ɗan kaɗan ne amma na kullum. Hukumar ƙididdiga tana fitar da rahoton hauhawar farashi kowane wata, babban banki kuma yana fitar da sanarwa bayan kowane zaman kwamitinsa na manufofin kuɗi, duka kyauta a intanet. Ka karanta shafukan farko na kowanne, ka buɗe littafi guda kana rubuta alƙaluma da kwanan wata. Ka kuma raba wa ɗalibai kaya goma, kowa ya riƙa kawo farashin nasa daga kasuwar unguwarsu a farkon wata, ajin ya gina nasa ma'aunin farashi. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: waɗannan batutuwa suna da zafi, kuma iyayen yaran suna jam'iyyu daban-daban, saboda haka ka tsaya a kan bayanin yadda manufa ke aiki da wanda ta taɓa, ka bar hukunci a hannunsu.

Tambaya: Malam, a ajina akwai ɗaliban da ke ɗaure fuska duk lokacin da muka zo babin kuɗin ruwa, suna cewa haramun ne. Sannan ina yawan yin bayani da Hausa, abokan aikina kuma suna cewa ina cutar da yaran. Me ka gani?

Amsa: Malam, a kan ta farko, aikinka a wannan aji shi ne bayyana yadda tsarin kuɗi yake tafiya, ba fatawa aka ce ka bayar ba, kuma yana da kyau ka faɗa wa ɗalibai hakan a fili tun ranar farko. Ɗan kasuwar da bai taɓa karɓar rance mai ruwa ba ma abin yana shafarsa, domin lokacin da babban banki ya kai ma'auninsa na kuɗin ruwa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, kamfanin da ke ba shi kaya ya ji a jikinsa. Malamin da ya shirya zai kuma kawo ɗaya ɓangaren, wanda littattafai da yawa suka yi shiru a kai: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 a matsayin bankin farko marar kuɗin ruwa a ƙasar nan, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na farko na naira biliyan 100 a 2017 don aikin hanyoyi. Ka koyi yadda murabaha (banki ya sayi kaya ya sayar maka da ribar da aka amince) da mudaraba (ɗaya ya ba da jari ɗaya ya yi aiki a raba riba) da ijara (ba da haya) suke aiki har ka iya lissafa misalin kowanne a allo, ka sa ɗalibai su kwatanta wanda ke ɗaukar asara a kowane tsari idan sana'a ta karye.

Bayani da Hausa kuwa ba cuta ba ne, matuƙar kowane darasi zai ƙare da ɗalibi yana rubuta amsarsa da Turancin da za a yi masa jarrabawa da shi. Haɗarin yana cikin kalmomin da muka saba da su. Buƙata a bakinmu ita ce abin da mutum ke so ko yake rashi, amma a wannan fanni sai so ya haɗu da kuɗin biya kafin a ƙirga shi. Jari a kasuwa kuɗi ne, a littafi kuma ya haɗa da injin niƙa da keken ɗinki da rumbun ajiya. Kalmar riba ita ce ta fi kowace rikitarwa, domin a rubuce ɗaya take da ribar ciniki da ta halatta da kuma riba da shari'a ta hana, lafazi ne kawai ya raba su. Ka ware shafi a littafin shirin darasinka ga irin waɗannan kalmomi, ka rubuta ma'anarsu ta kasuwa da ta aji gefe da gefe, ka kuma yi amfani da kuɗin ruwa a duk inda rance ake nufi, ka bar wa ciniki kalmar riba.